Direban Tarakta, Sauke Bokitinka Ƙasa

Taraktoci masu bokiti a gaba sun fara yawa a ƙasar nan. A da, in aka ce tarakta, abin da mutum ke kawowa a rai shi ne garma da haro da rija, sai tirelar da ake kwaso amfanin gona da ita da kaka. Yanzu masu manyan gonaki, da masu gidajen kaji, da masu kiwon shanun madara, har da masu buga bulo, suna ɗaura mata hannuwa biyu na ƙarfe da bokiti a goshi. Ta kwashi taki, ta loda yashi a tifa, ta ture ƙasa, ta cike rami. Aikin da ƙarti goma za su wuni suna yi da shebur, ita kafin azahar ta kammala. Amfaninta ba abin musu ba ne, kuma ina cikin masu fatan ta ƙara yawaita. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake tafiya da ita: bokiti a ɗage har ya zarce kan direba, shaƙe da kaya, tarakta tana sheƙa gudu a kan burji tana tangaɗi, yara na bin ta a baya.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Muddin tayar tarakta tana juyawa, a ƙasa bokiti ya kamata ya zauna, da kaya ko babu kaya, a hanya ake ko ciyawa ake yanka. Ba a ɗaga shi sai an iso daidai inda za a juye, a tsaye ko ana rarrafawa, kuma da an juye a sauke shi kafin a murza sitiyari. Kamfanonin da ke ƙera wannan bokiti suna rubuta gargaɗin a littafin da ke zuwa tare da shi. Sai dai littafin bai cika kaiwa hannun direba ba, in ma ya kai, da Turanci yake.

In ka tambayi direbobi dalili, amsarsu kusan ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, in na sauke shi ba na ganin gabana." Wani zai ce bokitin yana tare masa hasken fitila da dare. Wani ya ce gudu yake kada bakin bokitin ya caki ƙasa in taya ta faɗa rami. Waɗannan maganganu ne na mutanen da suke kan aiki kullum, ban raina su ba, kuma suna da amsa. Amma sai mun fara duba yadda aka gina ita taraktar, domin a nan hatsarin yake a ɓoye, kuma mutum zai iya tsufa a kan kujerar tarakta ba wanda ya taɓa nuna masa.

Tarakta tana da taya huɗu, amma ba a kan ƙafa huɗu take tsaye ba. Duk wanda ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin inji zai ga cewa aksil ɗin gaba, ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin gaba biyu, ba a ɗaure yake tamau da jikin tarakta ba. A kan ƙusa guda yake rataye a tsakiya, yana lilo. Tayar dama ta hau kunya, ta hagu ta sauka kwari, jikin tarakta bai karkace ba. Da gangan aka yi shi haka, domin tayoyi huɗun su riƙa taɓa ƙasa a gona mai tudu da gangare. Amma hakan na nufin jikin tarakta a wuri uku yake dogare: tayoyin baya biyu, da waccan ƙusa ta gaba. Tamkar A Daidaita Sahu take, faɗi a baya, tsini a gaba. Kowa kuwa ya san makomar A Daidaita Sahun da aka jibga wa buhuna a kan rufi ta sha kwana da gudu.

In tarakta ba ta ɗauke da komai, nauyinta ya taru ne ƙasa-ƙasa, gaba kaɗan da aksil ɗin baya, wajen ƙafafun direba, inda wuraren dogaron nan uku suka fi tazara. Shi ya sa take jure karkata. Muddin cibiyar nauyin tana tsakanin wuraren ukun, tarakta tana tsaye. Ta fita waje ko da taƙi ɗaya, ta tafi. Bokiti yana yi wa wannan cibiya abu biyu, duka marasa kyau. Da an cika shi sai ya janyo ta gaba, zuwa inda wurin ya tsuke. Da an ɗaga shi sai ya janyo ta sama, inda 'yar ƙaramar karkata ta isa ta jefa ta waje. Gangaren da tarakta za ta ratsa lafiya lau da bokiti a ƙasa, shi ɗin ne zai kayar da ita da bokiti a sama.

Kayan kuma ba na wasa ba ne. Yashi cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana kai kilo 1,600 in busasshe ne, jiƙaƙƙe kuwa yana dosar kilo 2,000. Bokitin da ke cin rabin wannan akwati yana ɗauke da nauyin buhun takin zamani mai kilo 50 guda 16 ko fiye. Ita kanta tarakta mai ƙarfin doki 75, irin wadda ta fi yawa a gonakinmu, nauyinta tan biyu da rabi ne zuwa uku. A ɗauki wannan kaya a ɗaga shi mita uku sama, a gaban tayoyin gaba, sannan a ce a bi hanyar ƙauye da shi. Ga kuma gudu. Ƙarfin da ke tura abin hawa waje a kwana ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, shi ninki huɗu yake yi. Direban da ya saba shan kwanar bakin gona a kilomita 8 cikin awa, ranar da hadari ya taso ya sha ta a 16, abin da ke fizgar taraktarsa ya ninka huɗu, alhali kwanar ita ce ta jiya.

A ɗauki hanyoyin da ke bin bakin magudanan ruwa a Kadawa da Kura, ko na Bakolori a ƙasar Talata Mafara. Siririyar hanya ce a kan tudun ƙasa, magudana a dama, fadamar shinkafa a hagu, gefunan sun sha ruwa sun yi laushi. Tarakta ta ɗauko taki, bokiti a sama. Mai babur ya taho, direba ya ɗan raɓa gefe don ya ba shi hanya, tayar gaba ta dama ta nutse taƙi ɗaya a laka. Da a ƙasa bokitin yake, tarakta za ta ɗan karkata ne, wataƙila ma kusurwar bokitin ta dafa ƙasa ta tokare ta, a nemo sarƙa a ja ta. Da yake a sama yake, sai kayan ya rinjaya dama, tayar baya ta hagu ta bar ƙasa, direba ya ji kujera tana zamewa daga ƙarƙashinsa. Kafin hannunsa ya kai ga sandar sauke bokiti magana ta ƙare. Ba gudu ya yi ba, ba a buge yake ba, ba kuma sabon shiga ba ne. Mafi yawan kifewar tarakta irin wannan ce, ta gefe.

Akwai kuma abin da bokiti ke yi wa tayoyin baya. Tunda kayan yana gaban tayoyin gaba, yana ɗaga bayan tarakta ne. Yawancin taraktocinmu kuwa da tayoyin baya suke ja, kuma a nan kaɗai birkinsu yake. In baya ya yi sauƙi a gangare, direba zai taka birki, tayoyi su kulle, su riƙa jan ƙasa ba tare da sun kama ba. Maganinsa nauyi ne a baya: a zuba ruwa a tayoyin baya kamar kashi uku cikin huɗu, ko a ɗaura ƙarafan nauyi a jikin wili, ko a rataya haro ko durom cike da kankare a maƙalar baya. In akwai kaya a bokiti, da gaba ake hawa tudu, da baya ake saukowa, kayan koyaushe yana fuskantar tudu. A gicciye kuwa ba a ratsa gangare sai ta kama dole.

To, ƙasan nawa? Babu lamba ɗaya da za ta dace da kowace hanya. A shimfiɗaɗɗen fili, ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga ƙasa ya isa, wato santimita 30 zuwa 45, kamar kamu guda. A hanya mai ramuka a ƙara kaɗan, yadda in taya ta faɗa rami bokiti ba zai daki ƙasa ba. Amma kada ya haura bonet. Ma'aunin da kowane direba zai iya riƙewa ba tare da tef ba shi ne: ta saman bokiti zai riƙa ganin hanya, ba ta ƙarƙashinsa ba. Sannan ya lanƙwaso bakin bokitin sama sosai, yadda in ya ci karo da tudu gindinsa zai zame a kai maimakon bakinsa ya cake.

A nan amsar "ba na ganin gabana" take. Inda bokiti ya fi tare gani shi ne tsaka-tsaki, daidai bonet ko daidai idon direba. Wanda ya tsinci kansa a haka yana da mafita biyu, sama ko ƙasa, kuma duka biyun za su buɗe masa hanya. Yawanci sama ake zaɓa, domin haka aka ga maigida yana yi, kuma a faɗi gaskiya, akwai 'yar burga a ciki ga matashi. In fitila ce matsalar, a ƙara wata a saman rumfa, kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Inda na yarda akwai wuya shi ne mahaɗar hanya, domin bokiti yana riga direba shiga titi da mita ɗaya ko fiye, kafin shi ya hango abin da ke tahowa daga bayan katanga. Ko a nan, ɗagawa ba ita ce mafita ba. Akwai yaron mota. Ya sauka ya duba, ya ba da hannu. Kuma duk wanda zai hau kwalta ya haɗa birkin dama da na hagu da maƙalarsu, domin taka guda ɗaya da gudu yana iya wujijjiga tarakta.

Yankan ciyawa shi ne inda ake yawan gardama, har tsakanin ƙwararru. Injin yankan yana rataye a baya, bokiti ba shi da aikin yi, sai dai yana nan a maƙale domin ba wanda yake son wahalar cire shi. Wuraren da ake yankan kuma su ne mafi mugun hali: gefen titi, bakin kwata, filin makaranta, gonar mangwaro, tudun madatsar ruwa. A watan Agusta da Satumba ciyawa ta kai ƙugu, ta rufe kututture, ta rufe suri, ta rufe ramin da zaizaya ta ci, ta rufe tsohuwar rijiya da tarin bulon da wani ya ajiye bara. Wasu direbobi suna ɗaga bokiti can sama don su ga ciyawar da ke gabansu. Wasu suna sauke shi dab da ƙasa ya zame musu ɗan jagora, ya fara taɓa kututture kafin wuƙar yanka ta same shi.

Na farkon kuskure ne tsantsa. Ko ba kaya a ciki, bokiti da hannuwansa ƙarfe ne mai ɗaruruwan kilo, kuma an ɗaga shi a daidai wurin da taya ta fi yiwuwar hawa abin da ba a gani ba. Na biyun yana da hujja, amma da sharaɗi: sai in ana tafiya a hankali, bakin bokiti a lanƙwashe sama. In aka daki kututture da gudu, tarakta tana tsayawa cak, ƙirjin direba ya haɗu da sitiyari, hannun bokiti ya lanƙwashe. A ganina, wanda zai yi kwanaki yana yankan ciyawa ya cire bokitin gaba ɗaya, har da hannuwan in ya samu hali. Yawancin na zamani an yi su da ƙafafun jingina da ƙusoshin da ake zarewa domin hakan. Tarakta za ta yi sauƙin juyawa, tayoyin gaba su huta, kuma ba za a riƙa shan kwana bokiti yana sharar shinge ko katanga ba. In ba za a cire ba, a bar shi ƙasa da aksil ko daidai shi. Amma babu abin da ya kai mutum ya sauka ya zaga filin da ƙafarsa kafin ya tayar da inji, ya kafa sanda a kan kowane rami da kututture. Rabin awa ce, kuma mai filin ya fi kowa sanin inda rijiyar take. A tambaye shi.

Sama tana da nata hatsarin ban da kifewa. Wayoyin lantarki masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000 suna ratsa gonaki da bakin garuruwa, kuma a wurare da yawa sun saki sun yi ƙasa. Bokiti a ɗage zai iya kama su. In haka ta faru, direba ya zauna a kujerarsa, ya hana kowa matsowa, ya gwada ja da baya ko sauke bokitin. In wuta ta kama dole sai ya fita, ya yi tsalle ya dira da ƙafa biyu a haɗe, kada jikinsa ya taɓa tarakta da ƙasa a lokaci ɗaya, ya nisanta yana jan ƙafa a haɗe. Haka kuma kayan da ke sama yana iya gangarowa ta kan hannuwan bokiti ya faɗo kan direba: gungumen itace, dutse, damin ciyawa. Ɗaukar leburori a cikin bokiti zuwa gona, ko ɗaga yaro a ciki ya sare reshe, wannan bai kamata a tsaya ana muhawara a kansa ba. In an tashi aiki, a ajiye bokiti a ƙasa kafin a kashe inji. Man da ke cikin tiyo ne kaɗai yake riƙe da shi a sama. Tiyo ya fashe, ko yaro ya taɓa sanda, zai faɗo ko inji a kashe yake, kuma inuwarsa tana jan mutane su zauna a ƙarƙashi.

Duk taka-tsantsan ɗin direba, wata rana ƙasa za ta ci amanarsa. Ƙasashen da suka riga mu yawan tarakta sun binne manoma da yawa kafin su yarda da haka. Suwidin ce ta fara wajabta wa sababbin taraktoci ƙarfen kariya a 1959, wato ginshiƙai masu kauri da ake ɗaurewa a jikin aksil ɗin baya a haɗa su a saman kan direba, yadda in tarakta ta kife ba za ta danne shi ba. A shekarun da suka biyo baya, mutuwar kifewar tarakta a can ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Birtaniya ta bi sahu a 1970. A Amurka doka ta tilasta shi a 1976 ga taraktocin da ma'aikata ke tuƙawa, kamfanoni kuma suka mayar da shi ƙa'ida a 1985, amma har yau kifewar tarakta tana kan gaba a abin da ke kashe manoma a can, akasari a kan tsofaffin taraktocin da ba su da ƙarfen. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce ƙarfen kariya tare da ɗaura bel yana hana mutuwa ko mummunan rauni da kashi 99 cikin 100.

A wajenmu ana yawan ɗaukar rumfar rana a matsayin wannan ƙarfe. Rumfar da mai walda ya haɗa da siririn bututu da kwano tana tare rana da ruwa, amma ba za ta ɗauki tan uku ba. Lanƙwashewa za ta yi tare da wanda ke ƙarƙashinta. Wasu kuma taraktar ta zo da ƙarfen na gaskiya, aka kwance shi don ta shiga ƙarƙashin bishiyoyi ko rumfar ajiya, ba a sake mayarwa ba. Bel ɗin ma sai da ƙarfen yake da amfani. In akwai ƙarfe a ɗaura bel, domin shi ke riƙe direba a cikin wurin da aka kare. In babu ƙarfe, bel ɗaure mutum yake a inda za a danne shi.

Ba na son a ɗora wa direba laifin duka, domin shi ne ƙarami a cikin lamarin. Yawancinsu a hannun wani direban suka koya, suna yaran mota, suka gaji kyawawan halayensa da munanan. Mai tarakta kuma sau da yawa da yawan sawu ko yawan kadada yake biya, don haka duk daƙiƙar da aka ɓata wajen sauke bokiti da sake ɗaga shi, daga aljihun direba take fita. Wanda ya tsara biya a haka, sannan bai sa nauyi a baya ba, bai gyara fitila ba, bai mayar da ƙarfen kariya ba, yana da kaso a duk abin da ya faru, ko yana gida a kwance lokacin.

Gwamnati ma tana da nata. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus, kuma jihohi suna ta sayen nasu. Abin farin ciki ne. Amma kowace tarakta tana buƙatar mutumin da zai hau ta, kuma horar da shi bai kai kuɗin tayoyinta ba. Muna da Cibiyar Bunƙasa Noma da Injina ta Ƙasa a Ilori, muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, muna da hukumomin bunƙasa noma a kowace jiha da shirye-shiryen manoma a gidajen rediyo. Ina roƙon kada a miƙa makullin kowace tarakta sai direbanta ya samu horo, a buga gargaɗin da Hausa, da boko da ajami da zane, a manna a inda idonsa zai riƙa faɗawa, kuma kada a karɓi taraktar da ba ta da ƙarfen kariya da bel a kowace kwangila.

Kafin wannan ya samu, mai tarakta yana da abin da zai iya yi gobe da safe ba tare da ya kashe ko sisi ba. Alhaji, ka kira direbanka, ku durƙusa tare ku dubi ƙusar nan ta aksil ɗin gaba, ka nuna masa yadda take lilo. Ka gaya masa ka yafe sawu ɗaya a wuni in dai zai riƙa tafiya da bokiti ƙasa da bonet, kuma duk ranar da ka gan shi a hanya da bokiti a sama, za ka karɓi makullinka.